Fitilu Uku a Saman Hoton Lamduan

Akwai wani dattijo a garin Ban Tak mai suna Prayong, wanda ya shekara talatin da takwas yana koyarwa a firamaren garin kafin ya yi ritaya. Duk wanda ka gani a kasuwa, daga mai sayar da kifi har ɗan sandan da ke ba da hannu, ya taɓa shan jan bironsa. Shi ya sa ba mai kiran sunansa gatsau, sai dai Malam.

Mutumin kirki ne, wannan ba musu. Aibunsa guda ɗaya ne tak, Malam ba ya kuskure. In ya ce yau za a yi ruwa, aka wuni rana tana dukan mutane, to hadarin ne ya makara.

Matarsa Lamduan ta rasu a farkon shekara. A falonsu akwai wata kanta ta katako manne da bango, can sama dab da silin, inda mutum-mutumin Buddha guda biyar suke zaune. Lamduan ce ta jera su da hannunta. Da ta rasu, sai Malam ya ɗora hotonta a matakin da ke ƙasa da su, a kan farin ƙyalle, kusa da ɗan tulun tagulla mai ɗauke da tokarta.

A saman kantar akwai fitilu uku irin waɗanda ake binnewa a cikin silin, tsofaffin yayi, masu jan haske da zafin tsiya. Kullum da sassafe sai ya kunna su, ba ya kashewa sai zai kwanta. Lamduan ba ta son duhu, kuma shi bai manta ba.

Ranar Lahadi za ta cika kwana ɗari da rasuwa. Limamai tara za su zo daga haikali su yi mata addu'a, rabin garin kuma zai zo cin abinci. Ga shi watan Afrilu ne. Kwanon rufin gidan yana ɗaukar rana ya juye ta a falon, fanka ma iska mai zafi take kaɗowa. Ɗansa da ke aiki a Bangkok ya aiko da naɗi goma sha biyu na audugar gilas, wadda ake shimfiɗawa a saman silin ta tare zafin kwano. Saura mai shimfiɗawa.

Yayarsa Samruay, wadda gidanta ke manne da nasa, ita kaɗai ce a garin take iya gaya masa magana ta kwana lafiya. Ita ta ce ta kira Buppha.

"Wace Buppha?" in ji Malam. "Kada dai ki ce mini Ta Talatin da Ɗaya?"

"Ita fa."

"Haba Yaya! Yarinyar da a ajin mutum talatin da biyu ta zo ta talatin da ɗaya? Na ƙarshen ma don ƙyanda ta hana shi zuwa jarrabawa ne."

"Yarinyar nan shekararta arba'in da biyar yanzu, kuma rabin silin ɗin garin nan ita ta ɗaura. Kai da ka zo na ɗaya, in ƙwan fitila ya mutu ai ni kake ƙwala wa kira."

Malam ya sha kunu, amma bai ce a fasa ba.

Ranar Alhamis tun rana ba ta ɗaga ba, Buppha ta iso da tsani da akwatin kayan aikinta. Gajeriya ce, kakkaura, mai yawan murmushi. Ta haɗa tafukanta a gaban fuska ta sunkuya, kamar yadda take yi tun tana aji uku.

"Ina kwana, Malam."

"Lafiya lau, Ta Talatin da Ɗaya. Ina fata dai yanzu kin iya awo."

"Ana dai koyo, Malam."

Ta fara kashe wutar gidan daga mita. Ta ɗaura takunkumi, ta sa safar hannu, domin audugar nan in ta taɓa fata sai mutum ya wuni yana susa. Sannan ta ɗage murfin silin da ke bakin kicin ta shige.

Aikinta ba gaggawa. A kan katako kaɗai take taka ƙafa, don silin ɗin kansa ba ya ɗaukar nauyin mutum. Duk inda ta iske bayan fitila, sai ta kifa masa wani murfin ƙarfe mai huje-huje, ta yanke audugar ta zagaye shi, ta bar tazarar yatsu huɗu. Ɗan akwatin wutar da ke haɗe da kowace fitila kuma sai ta ɗaga shi ta rataye a jikin katako, inda zai sha iska.

Malam yana gindin tsani, hannu a baya, yana ba da umarni ga ƙafafun da ba ya gani.

Ranar Juma'a da hantsi ta gama ko'ina, saura lungu ɗaya. Ta sauko tana tsiyayar gumi, ta durƙusa a gabansa.

"Malam, saura saman kanta. Ina roƙon a sauko da su na awa ɗaya, har da hoton Mama, don kada ƙafata ta bi ta kansu."

A garin ba wanda zai yarda ya ɗora ƙafa sama da kan babba, balle sama da kantar ibada. Wannan Malam ya yarda da shi. Saukowar ce bai yarda da ita ba.

"Ba mai taɓa kantar nan. Yadda ta jera su, haka za su zauna."

"To Malam, sai dai a bar lungun haka nan ba auduga. Zafi zai ɗan sauko ta wurin, amma ba zai cutar ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada a rufe bayan fitilun nan uku da komai. Ta baya suke fitar da zafinsu. In aka toshe su..."

"Ni za ki koya wa zafi? Wa ya koya miki cewa iska mai zafi sama take yi?"

"Malam ne."

"Kika ci nawa?"

"Uku bisa goma, Malam."

Samruay, da ke zaune tana ɓare tafarnuwa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Malam ya hau tsanin da kansa, ya leƙa da tocila. Abin da ya gani ya tsaya masa a rai. Ga auduga shimfiɗe lafiya lau, amma kowace fitila da ɗan fili kewaye da ita, ga kuma lungu guda fayau ba komai. Shekara talatin da takwas yana jan kunnen yara a kan barin gurbi a takardar jarrabawa, yau ga gurbi a saman kansa.

"Har yanzu dai halinki yana nan," ya ce da ya sauko. "Ki amsa rabi ki bar rabi."

Buppha ta yi murmushi kawai. Ɗalibi ba ya musu da malaminsa, ko da furfura ta fara fito masa. Ta ce ta bar naɗi ɗaya a cikin ledarsa a bakin ƙofar silin, da tsanin ma, ko Malam zai sake shawara. Ta yi sallama ta tafi.

Da yamma Malam ya kasa zama. A ƙarƙashin lungun nan ne fa limamai za su zauna, har da babbansu mai shekara tamanin. Zai bar su su yi wa Lamduan addu'a gumi yana ɗiga daga haɓarsu? Ya kai ya kawo, ya kai ya kawo, sai idonsa ya faɗa kan doguwar gorar da yake tsinko mangwaro da ita.

Nan take dabara ta faɗo masa.

Ya hau tsani, rabin jikinsa a cikin silin, ƙafafunsa a kan matakala, nesa da kanta. Ya kwance naɗin, ya gwada tura shi da gora, audugar ta maƙale a katako. Sai ya farke ledar da aka naɗo ta a ciki, ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya ɗora audugar a kai. Sai ga ta tana tafiya sumul. Ya tura, ya tura, har ta rufe lungun ruf, ya bi da bakin gora ya danne ko'ina.

Ba a taɓa kanta ba, ƙafa ba ta bi ta kan kowa ba, gurbi kuma ya cike. Ya sauko yana susar wuya, yana yaba wa kansa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ajiye labarin sai ranar Lahadi, in jama'a sun cika, a ji yadda malami yake ƙarasa aikin ɗalibarsa.

Ranar Asabar da sassafe ya kunna fitilu ukun kamar kullum. Matan unguwa suka cika tsakar gida da tukwane, masu kankare kwakwa suna yi, masu daka yaji suna yi, wasu suna jiƙa shinkafa mai danƙo. Samruay tana tsakiya tana raba faɗa daidai wa daida.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta ɗaga hanci.

"Wace ce ta bar tukunya tana kamu?"

Aka bi tukwane ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta kama.

"Turaren wuta ne, Yaya," in ji Malam daga falo. "Na bana ba shi da kyau."

Amma ko da yake faɗin haka, idonsa yana kan bango. Tsaka uku ya gani sun fito daga lungun silin suna gangarowa da gudu, da rana tsaka. Fitilar tsakiya ta ƙifta sau biyu. Wata zuciyar ta ce masa ya tashi ya kashe, wata ta ce in ya kashe Samruay za ta tambayi dalili. Sai ya gyara zama, ya buɗe jarida.

Daidai lokacin Buppha ta shigo, rungume da tiren alawar kwakwa da ta yi don sadakar gobe. A aljihunta kuma akwai ƙwan fitila uku na zamani, irin waɗanda ba sa zafi. Tun jiya hankalinta bai kwanta da lungun nan ba, ta ce ko ba a bar ta ta hau ba, za ta lallaɓa Malam a canza ƙwayayen daga ƙasa.

Tana sa ƙafa a falon ta tsaya cik. Ta shaƙi iska, ta ɗaga kai. Gefen fitilar tsakiya ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi yana fitowa ta wurin.

Ta dire tiren a ƙasa, ta ruga ta kashe mita, ta fizgi tawul ta tsoma a bokiti. Ta ɗora ƙafa ɗaya a tsani, sannan ta juyo. Murmushin nan babu shi.

"Malam, zan hau, ko an sauko da su ko ba a sauko da su ba. Amma na fi son a sauko da su. Yanzu."

Tun da yake, ba ɗalibin da ya taɓa yi masa magana da wannan murya. Bai ko tsaya jin haushi ba. Ya jawo kujera ya taka, Samruay ta tara masa babban tire. Ya haɗa tafukansa ya nemi afuwa, ya sauko da mutum-mutumin ɗaya bayan ɗaya, sannan tulun tagulla. Daga ƙarshe ya kama hoton.

"Duan, yi haƙuri, zan ɗan ɗaga ki."

Ya ji saman katakon hoton da ɗumi. Ya rungume shi a ƙirji, ya sauko daga kujera. Ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba, wani baƙin ɗigo na narkakkiyar leda ya zubo ta gefen fitilar, ya sauka a kan farin ƙyallen, daidai inda hoton yake zaune ɗazu. Ya huda ƙyallen, hayaƙi ya tashi.

Malam ya ƙura wa hujin ido. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya tsaya ƙame da hoton a ƙirji.

A sama kuwa ana jin rarrafen Buppha da tarinta. Can sai ga audugar ta faɗo ta ƙofar silin, leda ta narke ta manne mata, tana wari. Bayan kamar minti goma ita ma ta sauko, fuska duk baƙi, yanar gizo a gashi.

"Wutar ta mutu," ta ce. "Rigar waya ta narke, katako ya fara ci kamar faɗin tafin hannu. Da an ƙara rabin awa, da yanzu wani zancen ake."

Matan tsakar gida sun cika ƙofa, kowa da ludayinta. Aka fara ƙus-ƙus. Wata ta ce dama ita tun farko ba ta yarda da aikin nan ba. Wata ta ce nata silin ɗin ma Buppha ce ta yi, bari ta koma gida ta duba.

Samruay ta riƙe ƙugu. "Buppha, wa ya shimfiɗa leda a kan fitila?"

Buppha ta dubi malaminta. Ta ga tsoho tsuru-tsuru a gaban matan da duk ya koyar, rungume da hoton matarsa. Ta sunkuyar da kai.

"Laifina ne, Gwaggo. Ni na bar naɗin a sama."

Malam ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya san abin da ta yi. Sana'arta ce ta ajiye a ƙasa don kada ya ji kunya, kuma kafin yamma labarin zai kai kasuwa. In ya yi shiru, shi ke nan, ya tsira.

Ya miƙa wa Samruay hoton, ya fita. Sai ga shi ya dawo yana jan gorar mangwaro, har yanzu da guntun auduga maƙale a bakinta. Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Ga mai laifin nan, ga kuma wanda ya riƙe ta. Ta gargaɗe ni jiya a gaban Yaya, na ce ta ci uku bisa goma. Ni na hau, ni na sa leda, ni na rufe fitilun. Ɗazu ma na ga alama, na buɗe jarida. Wadda duk ta kai wani labari kasuwa ban da wannan, ni da ita."

Sai Samruay ta tafa hannu.

"Jama'a ku shaida! Shekara saba'in da ɗaya ina jiran ranar da ƙanena Yong zai ce ya yi kuskure. A ƙara kaza biyu a miyar gobe!"

Dariya ta ɓarke, har da Malam, ko da yake nasa idon ya kawo ruwa.

Da rana ta yi sanyi Buppha ta koma sama. Ta canza wayar da ta ƙone, ta kankare katakon ta ƙara masa wani a gefe, ta sa sababbin ƙwayayen fitila, ta kifa wa kowanne murfinsa. Malam yana kan tsani, rabin jiki a ciki, yana haska mata tocila.

"To tunda waɗannan ba sa zafi, me ya sa kike bar musu fili?"

"Ba sa zafi sosai ne, Malam, ba wai ba sa yi sam ba. Kuma wata rana wani zai iya mayar da irin na da."

"Nawa ne tazarar?"

"Yatsu huɗu."

Malam ya ɗaga yatsunsa huɗu a hasken tocila ya dube su da kyau, kamar mai haddace karatu.

Da aka zo mayar da kaya kan kanta, sai ya tsaya yana juya mutum-mutumin a hannu, damuwa ta cika fuskarsa. Ya manta wanne ne a dama, wanne ne a hagu.

"Shekara ashirin ba a motsa su ba, Yaya. Yau na rusa mata jerinta."

"Ba a motsa su ba?" in ji Samruay. "Duk sabuwar shekara, lokacin bikin watsa ruwa, ni da Duan muke sauko da su mu wanke su da ruwan turare, mu goge kantar. Kai kana baranda da jaridarka. Kuma ba ta taɓa mayar da su yadda suke bara ba. Miƙo nan."

Malam ya dubi mutum-mutumin da ke hannunsa. Ya miƙa mata.

Ta kawo sabon ƙyalle za ta shimfiɗa, ya ce a'a, a mayar da mai hujin. Ya ɗora hoton a ɗan baya kaɗan, yadda duk safiya in ya zo kunna fitila zai ga hujin.

Ranar Lahadi limamai tara suka jeru a ƙarƙashin fitilu uku, suka yi addu'arsu ba wanda ya share gumi. Babbansu har ya tambayi ko an sa na'urar sanyi ne. Bayan sun ci sun tafi, jama'a suka zauna cin nasu. Buppha tana can ƙarshen tabarma kusa da ƙofa, inda ta saba zama tun a aji.

Malam ya zuba shinkafa da miyar kaza a faranti da hannunsa, ya ratsa mutane.

"Buppha."

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da hira da ta kusa da ita.

"Buppha!"

Ta waiga bayanta tana neman wadda ake kira. Shekara talatin da biyar ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Sai da ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa suna ƙara, ya miƙa mata farantin da hannu biyu, sannan ta gane da ita yake.

Darasi: Kada girma ko yawan karatu su hana ka jin gargaɗin wanda ya san aikinsa, ko da jiya kai ka koyar da shi. In kuma ka yi kuskure, faɗi da bakinka kafin wani mai kirki ya ɗauki laifinka. Sannan duk mai shimfiɗa audugar tare zafi a saman silin, ya kashe wuta tukuna, ya kifa wa fitila murfinta, ya bar mata fili, kuma kada leda ta kusance ta. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wannan kawun naku da ya fi kowa sani.